Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fadanmu Da Majalisar Farish: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Fada, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Iyayena da 'yan'uwana na majalisar farish, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Na daɗe da wannan magana a cikina, maganar zamanmu da maƙwabta da kuma junanmu. Sau biyu ina ɗaga hannu a taron bayan Mas, wato babbar ibadarmu ta Katolika, sau biyun kuma lokaci ya ƙure kafin a iso kaina, batun rufin ɗakin taro da na sabbin kujeru ya cinye zaman. Shi ya sa na koma ga rubutu, kuma na bar shi a buɗe, domin maganar ta shafi mutanen da ba sa shiga taronmu, wasunsu ma ba su san ana yin sa ba. A wannan coci aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura mini aure, a nan aka yi wa mahaifiyata Mas ɗin jana'iza. Don haka ku karɓi abin da zan faɗa a matsayin maganar ɗan gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Zan fara da godiya, don ta cancanta. Kowace shekara kuna shirya taron zaman lafiya. Kuna gayyato limamai da fastoci da shugabannin unguwa, a zauna a inuwa ɗaya, a yi addu'a, a gaisa. Na san wahalar da ake sha kafin a tara waɗannan mutane wuri guda, na kuma san akwai waɗanda suka soki abin tun farko amma kuka daure. Al'adar tana da asali mai kyau. Paparoma Bulus na Shida ne ya keɓe ranar 1 ga Janairu don addu'ar zaman lafiya a duniya, aka fara a 1968. Kafin wannan, a 1965, Babban Taron Fatikan na Biyu ya bayyana cewa Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ya kuma yi kira a haɗa hannu wajen kare adalci da kyawawan ɗabi'u da zaman lafiya da 'yanci. Ba ku kauce hanya ba.

Abin da ke damuna shi ne washegarin taron. A kwashe kujeru, a naɗe tabarmi, a ja ƙofar harabar coci a sa kwaɗo, sai kuma baɗi. Limamin da ya zauna kusa da Fada aka ɗauki hotonsu, mu nawa ne a cikinmu muka san ƙofar gidansa? Da matarsa ta kwanta asibiti, wa ya je dubiya da sunan farish?

Akwai wani dattijo da ya shekara da shekaru yana zama a bakin hanya daura da ƙofar cocinmu. Ba ɗan Katolika ba ne. Duk Lahadi da safe yakan ɗaga mana hannu, mu ɗaga masa. Wata rana aka daina ganinsa. Sai da makonni suka shuɗe na tambayi wani yaro, ya ce mini ai tsoho ya kwanta, ba shi da mai jinya sai wata jika ƙarama. Da na shiga ɗakin, kunya ta hana ni ɗaga kai. Tsakanin shimfiɗarsa da bagaden da muke durƙusawa a gabansa bai fi a yi kira a ji ba. Muna da ƙungiyar mata, da ta maza, da ta matasa, da mawaƙa, da masu ziyarar marasa lafiya, amma babu ko ɗaya da ta san ya kwanta, domin sunansa ba ya cikin littafin kowa. Ni ma ina cikin masu laifin, makonni na yi ina wucewa ban tambaya ba. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Da muka je gaisuwa, danginsa sun karɓe mu da mutunci, amma na ga mamaki a fuskokinsu, kuma wannan mamakin ne ya fi ci mini rai.

Fada, ka fi ni sanin dokar Ikilisiya, amma ka bar ni in tuna mana abin da ke cikinta. Kundin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙaddamar a 1983 ya ce a ƙa'ida ana yanka farish ne da iyakar ƙasa. Wato bishop bai damƙa maka jerin sunaye kawai ba, ya nuna maka yanki mai tituna da lunguna da gidaje. Sashe na 529 kuma ya ɗora wa fadan farish nauyin ziyartar iyalai, da neman matalauta da masu shan wahala da waɗanda kaɗaici ya dama da waɗanda aka raba da ƙasarsu. Kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce nema. Mai nema ba ya zama a ofis yana jiran a ƙwanƙwasa. Ita kanta kalmar farish daga Helenanci ta samo asali, daga kalmar da ke nufin wanda ya sauka kusa da wani, baƙo mai zaman maƙwabtaka. Sunanmu ke nan tun asali, maƙwabta. Na san mutum ɗaya ba zai iya zaga dukan wannan yanki ba, ga Mas, ga ikirarin zunubi, ga jana'iza, ga makaranta. Shi ya sa wasiƙar ta haɗa da majalisa, da mu da ke zaune a benci.

Ga dalilin da ya sa nake ganin wannan ya fi taron shekara nauyi. A farkon 2014, lokacin da rikici ya turnuƙe Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, 'yan bindigar da ake kira anti-balaka suna farautar Musulmi gari-gari. A wani ƙaramin gari mai suna Bosemtele akwai wani fada ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi, wanda ke kula da asibitin mishan. Ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a harabar asibitin da ta mishan, ya bi daji yana kwaso masu rauni, ya binne gawawwakin da aka bari a hanya, daga baya ya taimaka aka fitar da mutane da yawa zuwa Kamaru. An yi masa barazanar kisa ba sau ɗaya ba. A garin Boali ma wani fada ya buɗe cocinsa ga ɗaruruwan Musulmi a daidai wannan lokaci. A Bangi, babban birnin ƙasar, babban bishop Dieudonné Nzapalainga ya sauki limami Omar Kobine Layama da iyalinsa a gidansa na tsawon watanni.

Ana yawan ba da waɗannan labarai don a yaba jarumta, kuma jarumta ce. Amma ni tambayar da nake yi ita ce, me ya sa mutanen da ake bi da adduna suka nufi harabar mishan da gudu? Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa shawara, inda ƙafarsa ta saba nan take kai shi. Asibitin Bosemtele ya riga ya zama wurin da ake duba kowa ba tare da an tambayi addininsa ba. Fadan ya yi jinyar masu rauni daga ɓangarorin biyu, don haka har waɗanda ke riƙe da makamai sun san fuskarsa, wasunsu sun san hannunsa a jikinsu. Limamin Bangi da babban bishop sun riga sun saba zama tare da yawo tare kafin ranar da limamin ya rasa wurin kwana. Idan, Allah ya kiyaye, wata fitina ta tashi a yankinmu da tsakar dare, ina so kowane ɗan majalisa ya tambayi kansa da gaske: maƙwabcin da ke bayan katangarmu zai nufo ƙofarmu, ko kuwa zai guje mata? Ni dai amsar da nake samu ba ta barina in yi barci da kyau.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba ma son ambata. A Ruwanda, a watan Afrilun 1994, mutane sun gudu cikin coci-coci saboda sun ɗauka nan ne mafaka. A farish ɗin Nyange an rushe ginin coci da motar rusau a kan 'yan ƙabilar Tutsi fiye da dubu da suka fake a ciki. Kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta samu fadan wurin, Athanase Seromba, da laifi a 2006, aka mayar da hukuncinsa ɗaurin rai da rai a 2008. A 2017 Paparoma Faransis ya roƙi gafarar Allah saboda zunubai da gazawar Ikilisiya da 'ya'yanta a wancan kisan kiyashi. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe, da yawansu baftisma ɗaya aka yi musu, a gaban bagade ɗaya suke karɓar Jibin Ubangiji. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, kuma ban ce mun kama hanyar can ba. Na kawo shi ne don kada mu ɗauka cewa zama a benci ɗaya ya isa ya haɗa zukata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu yana da tsaga.

Kun san abin da nake nufi. In an zo zaɓen shugabannin ƙungiyoyi, kowa ya san yadda ake ƙirga ƙuri'a tun kafin a kaɗa ta, da harshen da mutum ke yi a gida. Akwai iyalai biyu da suka shekara ba sa gaisawa, kuma in an zo wurin ba juna salama a Mas kowannensu ya san inda zai zauna don kada hannunsa ya haɗu da na ɗayan. Baƙin da suka zo neman aiki suna zama a bencin baya, su fita ba wanda ya tambayi sunansu. Da wane baki za mu je sulhunta unguwa?

Wannan matsala ta girmi farish ɗinmu, kuma manzanni sun bar mana yadda suka yi da ita. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Rikicin farko a cikin Ikilisiyar Urushalima ke nan da aka rubuta mana, kuma a kan rabo ne da bambancin harshe. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafin su yi haƙuri su ƙara addu'a ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a damƙa musu aikin. Ku duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanus da Filibus da sauran biyar ɗin: dukansu sunayen Helenanci ne. Ga dukan alama, ɓangaren da ya ji an ware shi ne aka ba riƙon ma'aunin. Ina roƙon majalisa ta yi irin wannan. A duba waɗanda ba su taɓa riƙe komai ba a farish ɗin nan, a ba su riƙon wani abu mai nauyi, har da kuɗi. Su kuma iyalan nan biyu, Fada, kai kaɗai ne za ka iya kiran su ɗaki ɗaya su kasa ƙi. Ubangiji ya ce wanda ya kawo baikonsa gaban bagade ya tuna ɗan'uwansa na da wata magana a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Mun daɗe muna karanta wannan aya a tsaye, muna zama ba mu aikata ba.

Sai batun yadda muke ba da taimako. A rabon kayan abinci na ƙarshe, na ga da idona an tambayi wata mata katin baftisma kafin a rubuta sunanta. Ba ta da shi. Ta juya da goyonta ba ta ce uffan ba. Wanda ya tambaye ta ba mugu ba ne, umarnin da aka ba shi ya bi, kuma na fahimci dalilin umarnin: kayan kaɗan ne, mabuƙata a cikinmu ma suna da yawa. Amma matar nan za ta koma gida ta faɗa, kuma abin da za ta faɗa zai yi nisan da jawabin taron zaman lafiya ba zai yi ba. In kaya ba su isa ba, a auna da tsananin buƙata, wanda ya fi galabaita ya fara samu, ko ɗan wane ne.

Kishiyar wannan ma kuskure ne, kuma na ji ana raɗa shi: a taimaki na waje don a jawo shi. Paparoma Benedik na Sha Shida ya yi magana a kan wannan ƙarara a wasiƙarsa ta farko ga dukan Ikilisiya, wadda ya sa wa hannu a ranar Kirsimeti ta 2005. Ya ce ba a mayar da aikin ƙauna hanyar farautar mabiya, domin ƙauna kyauta ce, ba a yin ta don cim ma wata manufa. Maƙwabtanmu ba yara ba ne. Suna gane kyautar da ke da ƙugiya a ciki, kuma ranar da suka gane, sun daina sakin jiki da mu ke nan, har da 'ya'yansu. Basamariyen da ke cikin Bisharar Luka ya ɗaure wa mutumin raunukansa, ya kai shi masauki, ya biya, ya kama hanyarsa. Ba a ce ya tsaya jin ko mutumin zai koma bin addininsa ba.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne, kuma ba ya cin kuɗi sosai. A 1833 wani ɗalibi ɗan shekara ashirin a birnin Paris, Frederik Ozanam, yana muhawara da abokan karatunsa a kan addini, sai suka ƙalubalance shi ya nuna abin da Ikilisiyarsa ke yi wa talakawa a yau, ba a tarihi ba. Maganar ta soke shi. Shi da 'yan abokansa suka fara shiga gidajen matalauta, wata sista mai suna Rosali Randu tana nuna musu ƙofofin da za su ƙwanƙwasa. Daga nan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul ta samo asali, wadda yanzu take a ƙasashe da dama. Jigon aikinta har gobe shi ne ziyarar gida, mutum biyu-biyu, a zauna a saurara. Zumunci a ƙafa yake. Ina ba da shawara a raba yankin farish titi-titi, kowane titi a ba mutum biyu da ke zaune a cikinsa. Aikinsu su san wa ya kwanta, wa aka yi wa rasuwa, wace ce ta haihu ba mai taimaka mata, wane yaro ne ya daina zuwa makaranta, ba tare da duba inda mutum ke ibada ba. In abin ya fi ƙarfinsu su kawo wa majalisa. Da muna da wannan tsari, da dattijon nan bai yi makonni a kwance ba mu sani ba.

Na san abin da za a ce game da ƙofa, kuma ba zan raina shi ba. An kai hari a wuraren ibada a ƙasashe da yawa, kuma alhakin rayukan masu zuwa Mas yana wuyanku. Ban ce a cire masu gadi ranar Lahadi ba. Amma daga Litinin zuwa Asabar harabar nan a kulle take, da famfon ruwanta, da filinta, da azuzuwan da ba kowa a ciki da yamma, alhali yaran unguwa na wasa a bakin titi cikin motoci, mata na tafiya mai nisa neman ruwa. A fitar da bakin famfo ɗaya ta jikin katanga. A buɗe aji ɗaya da yamma, matasanmu da suka gama makaranta suna zaune su koya wa yara karatu da lissafi, kowane yaro. A gayyaci iyayen su shigo su ga abin da ake koyarwa, don kada zargi ya samu wurin zama. Ni a ganina maƙwabcin da ɗansa ke karatu a harabarmu ya fi kowane kwaɗo tsare ta, don shi ne zai fara ganin baƙuwar fuska, shi ne kuma zai damu ya faɗa.

Kada a raina ajin yamma. Ƙungiyar Sant'Egidio ta birnin Roma da haka ta fara a 1968, 'yan makarantar sakandare suna zuwa unguwannin marasa galihu a gefen birni suna koya wa yara karatu. Sannu a hankali suka saba da mutanen Mozambik, suka riƙa kai musu agaji a shekarun yunwa da yaƙi, har ɓangarorin biyu suka amince da su. A hedkwatarsu aka yi fiye da shekara biyu ana tattaunawa, aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar ƙasar ranar 4 ga Oktoba 1992. Ba na mafarkin farish ɗinmu zai sasanta wata ƙasa. Amma rigimar matasan layi biyu, ko ta mai gida da ɗan haya, ko ta iyakar fili, waɗannan muna iya kashe su tun suna ƙanana in mutane sun saba ganinmu a ranakun da ba a rigima.

Magana ta ƙarshe mai ɗan ɗaci ita ce ta kuɗi. Ana karɓar baiko na musamman don matalauta, mutane suna bayarwa daga ɗan abin da suke da shi, amma an daɗe ba a karanta mana yadda aka kashe ba. Ban zargi kowa da cin ko sisi ba. Sai dai inda aka yi shiru, zato ke cike gurbin, kuma na ji irin maganganun da ake yi a hanyar komawa gida. Dokar Ikilisiya ta wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi a sashe na 537, sashe na 1287 kuma ya ce masu riƙon dukiyar Ikilisiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar. A manna takarda a allon sanarwa duk wata uku, abin da ya shigo da abin da ya fita, ba tare da sunayen waɗanda aka taimaka ba don a rufa musu asiri. Za ku ga hannun mutane ya ƙara sakuwa.

Fada, iyayena, ina roƙon a sa wannan magana a farkon ajandar zama mai zuwa, kafin rufi da kujeru. In an amince da rabon tituna, a rubuta sunana a titin da ke daura da ƙofar coci. Na riga na yi magana da wani ɗan'uwa da ya yarda mu riƙa zagawa tare ranar Asabar da yamma, kuma gidan da za mu fara shiga shi ne na jikar dattijon nan, don na ji har yanzu ba ta koma makaranta ba.

Allah ya ba ku hikimar riƙon wannan amana.

Naku cikin Almasihu,
Wani ɗan farish